Tsakanin Mercedes da Lexus, wacce zan saya wa Baba?

Jama'a, ku ba ni shawara, kaina ya ɗaure. Wata biyu ke nan ina son saya wa Baba mota ta hannu a nan Yamai. Shi Mercedes yake so, wai Alhaji ba ya zuwa ɗaurin aure sai da tauraro a goshin mota. Bakanikena kuwa ya nace sai Lexus ES, tunda kayanta da yawa ɗaya ne da na Toyota Camry, ko a Tawa ana samu. Ta Jamus, in ji shi, sai an sa mata kwamfuta kafin a gano ciwonta.

Ga shi duk wata Baba sai ya tafi Tawa ta Doso da Konni, ga ƙura ga zafi, wani lokacin ma man bakin hanya yake sha. Wanda ya taɓa riƙe su biyun, wacce ta fi jurewa?