Muhawarar zaure: 'yan Hmong jarumai ne ko sojan haya?

Abban Sadiq: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ni fa abin da ke ba ni haushi a nan, in an kawo zancen ƙwallo ko rigimar 'yan siyasa, kafin ka ankara saƙo ya cika waya, amma in mutum ya kawo abin da za a ƙaru da shi sai kowa ya yi gum. To yau sai kun karanta. Akwai wata al'umma da ake kira Hmong, mazauna kan duwatsun arewacin ƙasar Laos. A 1961 hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, ta je ta sami wani hafsan soja ɗan ƙabilar mai suna Vang Pao, ta ba shi bindigogi da kuɗi da shinkafa, ya tara mutanensa. Aikinsu su tare sojojin Biyetnam ta Arewa da ke kwararowa cikin Laos, su tsare na'urorin Amurka da ke kan duwatsu, su kuma shiga daji su ɗauko matuƙan jirgin Amurka da aka harbo. Shekara 14 suna wannan yaƙin a ɓoye, talakan Amurka bai ma san ana yi ba. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne sojojinsu 30,000 ko fiye sun mutu. Da abin ya ƙwace a watan Mayun 1975, jirage suka sauka a sansanin Long Tieng suka kwashe mutum wajen 2,500, akasari manyan hafsoshi da iyalansu. Dubbai kuma aka bar su tsaye a filin jirgin da ƙullin kayansu suna jiran jirgin da bai dawo ba. An ci moriyar ganga an ya da kwaurenta. Wallahi abin da aka yi wa waɗannan jarumai cin amana ne tsagwaronsa.

Kwamared Nasiru: Wa alaikumus salam. Jarumai? Wanda ya karɓi kuɗin CIA ya harbi ɗan ƙasarsa sunansa sojan haya. A gyara.

Abban Sadiq: Kwamared, duk abin da na rubuta kalma ɗaya ka gani?

Kwamared Nasiru: Ita ce ta ɓata sauran. Wa ya biya su albashi? Wa ya ba su jirgi? Shi kansa Vang Pao ɗin ai da Faransawa ya fara, tun suna mulkin mallaka a can. Da Faransa ta tafi ya koma wa Amurka. Duk uban gidan da ya zo nasa ne.

Malam Tijjani: Nasiru, a yi a hankali. Sojan haya shi ne wanda ya bar ƙasarsa ya je ta wasu ya yi yaƙi don kuɗi, in an gama ya karɓi ladansa ya koma gida. Waɗannan a kan gonakinsu aka yi yaƙin. Vang Pao janar ne a rundunar Sarkin Laos, gwamnatin da duniya ta amince da ita a lokacin. An sa hannu a yarjejeniyar Janeba a 1962 cewa Laos 'yar ba-ruwanmu ce, kowa ya fitar da sojansa, Biyetnam ta Arewa ba ta fitar da nata ba. Mutum yana zaune a ƙauyensu ya ga sojan wata ƙasa a bakin rafi, ya ɗauki bindiga, ka ce masa ɗan haya? Albashin ma da kake ta faɗa 'yan daloli kaɗan ne a wata.

Kwamared Nasiru: Malam, Allah ya ƙara ilimi, amma ita ma Amurka ta kiyaye yarjejeniyar? Ta sa jami'anta suka tuɓe kaki suka sa kayan gida, ta kawo jiragen Air America da sunan kamfanin 'yan kasuwa. Daga 1964 zuwa 1973 ta zuba wa Laos bam fiye da tan miliyan 2. Ƙananan bamabamai wajen miliyan 80 ba su tashi ba, suna nan a ƙasa, har gobe yaro na tsintar ɗaya a gona ya zaci abin wasa ne. Wa ke nuna wa jiragen inda za su jefa?

Auwalu: Tambaya don Allah, su waɗannan mutanen Musulmi ne?

Malam Tijjani: A'a Auwalu. Yawancinsu addinin gargajiya na kakanninsu suke bi, wasu kuma Kiristoci ne.

Auwalu: To mene ne namu a ciki, ga namu na kwana a sansani a Borno?

Maman Walid: Haba Auwalu, sai ka tambayi addinin mutum kafin ka ji tausayinsa? Ni abin da ya tsaya mini a rai matan ne. Bayan 1975 mutane suka riƙa ratsa daji da ƙafa, kwana da kwanaki, su isa kogin Mekong, iyakar Laos da Tailan, da dare. Mutanen dutse ne, da yawa ba su iya iyo ba. Sai a ɗaure gora a hammata, ko a rungumi itacen ayaba, a faɗa ruwa, sojoji na sintiri a baki. Waɗanda suka tsira sun ba da labarin yadda uwa ke lasa wa jariri ɗan ofiyam don ya yi barci kada kukansa ya tona asirin ayari, wani jaririn daga wannan barcin bai farka ba. Ku tsaya ku yi tunanin uwar da ta isa gaɓar Tailan ta kwance goyo.

Kwamared Nasiru: Hajiya, tunda kin ambaci ofiyam, ai an daɗe ana zargin manyan hafsoshin nan da cinikinsa, har da cewa jiragen Air America sun yi dakonsa. Jaruman Abban Sadiq kenan.

Maman Walid: Ina maganar jarirai kana maganar hafsoshi.

Abban Sadiq: Zargi ne, CIA ta musanta. Kuma in jarumta kake nema, ga Lee Lue. Malamin makaranta ne ya zama matuƙin jirgin yaƙi, ya tashi fiye da sau 5,000 kafin a harbo shi a 1969. Wane ɗan haya ne zai yi haka saboda albashi?

Kwamared Nasiru: Sau 5,000 yana jefa bam a kan wa? Kuma ku daina magana kamar duk Hmong bayan Amurka suka bi. Faydang Lobliayao ɗan Hmong ne, shi da mutanensa suna tare da Pathet Lao, 'yan kwaminisancin Laos, tun farko, tsohuwar gaba ce tsakanin zuriyar Lo da zuriyar Ly ta raba su. Wata 'yar Hmong, Pany Yathotou, ta shugabanci majalisar dokokin Laos, a 2021 ta zama mataimakiyar shugaban ƙasa. Waɗanda suka tsaya da ƙasarsu ga inda suka kai.

Malam Tijjani: Muƙamin mace ɗaya ba ya goge sansanonin gyaran tunani da aka tura mutane bayan Pathet Lao ta karɓi mulki a Disambar 1975. Touby Lyfoung, babban jagoran Hmong, a can ya mutu.

Baba Alhaji: Ina karantawa tun ɗazu ban so na sa baki ba. Nasiru ɗana, mahaifina ya je yaƙin Bama. Turawan Ingila suka ɗebe su daga nan, aka sa su a jirgin ruwa, suka yi yaƙi da Japanawa a dajin da ba su taɓa jin sunansa ba. Ya dawo da tabon harsashi a cinya da lambobi uku da yake ajiyewa a cikin gwangwani, kuɗin sallamarsa bai kama ƙafar na farar fata ba. In duk wanda Bature ya ba bindiga da albashi sojan haya ne, to ka gaya mini sunan da ka ba ubana.

Kwamared Nasiru: Baba, Allah ya huci zuciyarka, ba da su nake ba. Su tilasta musu aka yi, muna ƙarƙashin mulkin mallaka.

Baba Alhaji: Su kuma yaran Hmong 'yan shekara 13 da 14 da aka ɗiba da manya suka ƙare, bindigar ta kusa kai tsawonsu, su suka zaɓa?

Ɗan Maraɗi: Baba gaskiya ka faɗa. Mu a nan mun san wannan. Faransa ta kwashi kakanninmu har can Indocin, yankin Laos da Biyetnam ɗin da kuke magana, suka yi mata yaƙi kafin 1954. A Thiaroye ta ƙasar Senegal, a Disambar 1944, sojojin Afirka da suka nemi haƙƙinsu harbe su aka yi. A 1959 ta yi doka ta daskarar da fanshon 'yan mazan jiyan ƙasashenmu, na Bafaranshe yana hawa nasu yana tsaye. Shi ya sa muka kore su, muka kori Amurka daga Agadas a 2024. Ku ne har yanzu kuke lallaɓa su.

Auwalu: Kun kori wani kun kawo wani. Waɗanda kuka kawo ɗin ai su ne sojan haya na ainihi.

Ɗan Maraɗi: Masu horar da soja ne, gwamnati da gwamnati aka yi magana. Ka iya bakinka.

Auwalu: A Mali ma haka aka ce.

Kwamared Nasiru: Ko ma mene ne, Rasha ba ta taɓa yi mana mulkin mallaka ba.

Auwalu: Je ka tambayi 'yan Afganistan.

Ɗan Maraɗi: Afganistan ɗin da mutane suka riƙa maƙalewa a jikin jirgin Amurka a Kabul a 2021 suna faɗowa? Ita kake nufi? Ku fara gyara wutar lantarkinku kafin ku koya mana zaɓen aboki.

Auwalu: Wutar da kuke sha daga wajenmu?

Admin: Jama'a a dawo kan magana. Ban da gorin ƙasa a zauren nan, dokar tana nan a sama.

Maman Walid: Ni dai na ga ba wanda ya kula da abin da na kawo. Mutanen nan ba a bakin kogi labarinsu ya ƙare ba. Sansanin Ban Vinai a Tailan ya ɗauki mutum fiye da 40,000, an haifi yara a ciki sun girma a ciki, sai 1992 aka rufe shi. Wasu da suka ji tsoron a mayar da su Laos suka fake a wani wurin ibadar mabiya Buddha, Wat Tham Krabok, sai a 2004 Amurka ta fara kwasar wajen 15,000 daga cikinsu. Shekara kusan 30 kenan bayan yaƙin. A Disambar 2009 kuma sojojin Tailan suka loda fiye da mutum 4,000 a motoci suka mayar da su Laos, Majalisar Ɗinkin Duniya na roƙo a dakata. Faransa ma ta kai wasu har Giyana a Kudancin Amurka a 1977, suka sare daji suka koma noman kayan lambu.

Auwalu: To ai ga shi Amurka ta ɗauke su. Ina cin amanar? Yau suna Minnesota da Wisconsin da Kalifoniya, 'yarsu Sunisa Lee ta ci wa Amurka zinare a gasar Olamfik ta Tokyo. Mu nan wa ya ba mu biza?

Abban Sadiq: Auwalu, ka san sai yaushe aka yarda a fili cewa sun yi yaƙin? Sai a watan Mayun 1997 aka kafa musu ɗan dutsen tunawa a maƙabartar sojoji ta Arlington. Sai a 2000 aka yi dokar da ta sauƙaƙa musu zama 'yan ƙasa ba tare da jarrabawar Turanci ba, dattijon da bai taɓa shiga aji ba da ma yaya zai ci ta? Haƙƙoƙin da tsohon sojan Amurka ke samu daga gwamnatin tarayya, na asibiti da fansho, su ba a ba su. Shi kansa Vang Pao an kama shi a 2007 bisa zargin shirya kifar da gwamnatin Laos, aka janye tuhumar a 2009. Da ya rasu a Janairun 2011 iyalinsa suka nemi a binne shi a Arlington, aka ƙi. Sai a 2018 aka yarda a riƙa binne su a maƙabartun sojoji na ƙasa, lokacin da yawansu sun riga sun mutu.

Kwamared Nasiru: Ka gani? Ita kanta Amurkar ba ta ɗauke su sojojinta ba. Ni da na ce haya, me na ƙara?

Malam Tijjani: Wato rowar wanda ya ci amana ita ce hujjarka a kan wanda aka ci amanarsa?

Kwamared Nasiru: Malam, ni ban ƙirƙiri komai ba, takardun Amurka ne suka nuna matsayinsu.

Ɗan Maraɗi: Auwalu har yanzu bai janye maganar wuta ba.

Auwalu: Kai ka fara.

Admin: To dare ya yi, bari na taƙaita don waɗanda za su karanta da safe. Abin da zaure ya fahimta shi ne, Amurka ta yi amfani da 'yan Hmong ta watsar, kamar yadda ta saba a ko'ina, kuma bamabaman da ta bari a Laos sun isa shaida, tunda shi kansa Obama da ya je can a 2016 sai da ya yi alƙawarin dala miliyan 90 don a kwashe su. A kan kalmar da aka yi ta ja, hujjojin Kwamared sun fi ƙarfi, domin ba wanda ya musa cewa CIA ce ke biyan albashi, kuma an nuna akwai 'yan Hmong da suka ƙi bin Amurka suka zauna lafiya a ƙasarsu. Malam Tijjani ya yi ƙoƙari ta fuskar ma'ana. Ɗan Maraɗi ya kawo misalai masu kyau. Auwalu a riƙa tauna magana. Mun gode wa Abban Sadiq da ya kawo batun.

Malam Tijjani: Admin, wa ya ce sun zauna lafiya? Ka tsallake sansanonin da na ambata, ka tsallake sojojin Biyetnam da ke cikin Laos, duk abin da Maman Walid ta rubuta ko layi ɗaya ba ka ɗauka ba.

Admin: Malam, taƙaitawa ce, ba komai ne zai shiga ba.

Baba Alhaji: Ni ban ga inda aka amsa mini tambayata a kan yaran nan 'yan shekara 13 ba. Nasiru, ina jiranka.