Sabar Minecraft ɗina ta fi ƙarfin aljihuna, in fara sayar da kaya a ciki ko in rufe?

Abba_Craft: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema, abin nan ya hana ni sukuni. Wata takwas kenan da na buɗe sabar wasan Minecraft ta Java (nau'in kwamfuta), wato inda mutane ke haɗuwa ta intanet su yi wasan tare, da farko mu shida ne abokai kawai, yanzu sunayen da na ba izinin shiga sun kai 31, da dare sai ka ga mutum 14 ko 15 a ciki lokaci guda. Ni kaɗai nake biyan kuɗin hostin (hayar kwamfutar da sabar ke kai) tun ranar farko, da RAM (ma'adanar aikin kwamfuta) 4GB na fara na ƙara zuwa 6 saboda lagin (nauyi da jinkirin wasan), kuɗi ya hau amma lagin yana nan, mutum ya fasa dutse sai ya ga ya dawo, kamfanin da nake haya wajensu kuma duk ƙorafin da na kai amsa ɗaya ce wai in sayi babban fakiti. Wani a cikinmu ya ce in buɗe shago in riƙa sayar da sulken netherite (sulke mafi ƙarfi a wasan) da elytra (fukafukan shawagi) da izinin tashi sama ga duk wanda ya biya. Gaskiya zuciyata ba ta kwanta da hakan ba, amma rufewar ma ba zan iya ba. Akwai yaron da ya yi wata uku yana gina fada shi kaɗai, ban san da wane baki zan ce masa an rufe ba.

Malam Sadiq: Wa alaikumus salam. Ƙanena kar ka sayar da netherite ɗin nan, ka ji ni. Tun 2014 Mojang, kamfanin da ya yi wasan, suka fito fili suka ce ba a yarda mai sabar ya sayar da abin da zai ba mai kuɗi fifiko kan sauran 'yan wasa ba, kuma suna da jerin sabobin da suke toshewa. Abin da suka halatta shi ne karɓar gudummawa, ko sayar da ado irin launin suna da lakabi, banda mayafin baya wato cape, shi nasu ne. Ko kuɗin shiga za ka iya sawa muddin kowa daidai zai biya. Amma ni ba dokar ce ma ta fi damuna ba. Na riƙe sabar shekara biyu, ranar da na fara sayar da makamai ranar na fara rasa mutanen kirki, domin wanda ya kwana yana haƙa a Nether (duniyar wuta da ake samo netherite) ya ga wani ya samu abu ɗaya da danna waya, ba zai yi maka faɗa ba, kawai za ka daina ganinsa ne.

Nura_dev: Abba kafin maganar kuɗi, wace manhaja kake gudanar da sabar da ita? In ta Mojang ce tsurarta to koma Paper (manhajar sabar da aka gyara don ta fi sauri) yau ɗin nan. Kuma ƙarin RAM ba shi ne maganinka ba. Wasan yana bugawa sau 20 a daƙiƙa, kowane bugu yana da milisakan 50, in aikin ya wuce haka shi ne lagin da kake gani, kuma yawancin aikin nan a kan koa ɗaya (sashe ɗaya) ta firosesa yake tafiya, to ko 16GB ka saya in firosesar mai sanyin jiki ce ko an cunkusa ku da yawa a kanta, a banza. Ka buɗe fayil ɗin saiti na server.properties ka rage view-distance (nisan da ɗan wasa ke gani) daga 10 zuwa 6 ko 7, simulation-distance (nisan da abubuwa ke motsi kewaye da ɗan wasa) ka kai shi 4 ko 5. Ka sa iyakar duniya, ka saka filogin ɗin Chunky (filogin ƙaramar manhaja ce da ake ɗorawa kan sabar) ya ƙirƙiri ƙasar tun kafin mutane su isa wajen, don ƙirƙirar sabon fili yana cin firosesa sosai, masu elytra kuwa su suka fi kowa jawo shi, ka ga in ka sayar da ita ma ka ƙara wa kanka ciwo. Sai ka kunna filogin ɗin spark lokacin da aka cika da dare, zai nuna maka ainihin abin da ke cinye lokacin.

Khalifa99: Ni dai da ni ne gida zan mayar da ita, tsohuwar kwamfuta ta isa, ko ka koma Realms, sabar da Mojang da kansu suke ba da haya, ka huta.

Nura_dev: Khalifa Realms mutum 10 yake ɗauka lokaci guda banda mai shi, Abba kuma yana da 15, sannan babu filogin. Ta gida kuwa dole kwamfutar ta kwana a kunne kullum, ya buɗe fot 25565 (ƙofar da 'yan wasa ke shigowa ta ita), kamfanonin intanet da yawa ma ba sa ba ka adireshinka kai kaɗai balle ka buɗe, kuma duk wanda ya shiga ya san adireshin intanet ɗin gidanka.

Hauwa M.: Yaya Abba tambaya ɗaya, mutanen nan 31 sun ma san kai kaɗai kake biya? Don na ga ba ka faɗa ba. Mu a tamu kunya ce ta sa admin ɗinmu ya yi shiru har ya ci bashi, da muka ji wallahi ranmu ya ɓaci don da ya yi magana tun farko da an gama. Ka ɗauki hoton rasit ɗin wata ka nuna musu, ka ce ga abin da ake biya, mai hali ya kawo abin da ya sawwaƙa, ƙarshen wata ka faɗi nawa aka samu nawa ya rage. Ba dole, ba gori, kuma kar ka bayyana wa ya ba da nawa, akwai yara 'yan makaranta da ba su da ko sisi kar su ji an ware su. Abu ɗaya zan ja kunnenka, kar ka ba kowa op, wato ikon admin, don ya ba da kuɗi. Ka sa CoreProtect mai ajiye bayanin wanda ya fasa ko ya gina abu don a iya mayar da shi, kuma ka riƙa sauke kwafin duniyar kana ajiyewa a wajenka duk mako, saboda fadar yaron nan.

Malam Sadiq: Maganar Hauwa ita ce. Ka ƙara da tara kuɗin wata biyu a gefe kafin ka taɓa ƙara girman fakiti.

Abba_Craft: Allah ya saka muku da alheri. Anti Hauwa gaskiya ban taɓa faɗa musu ba, jiya na tura rasit ɗin, kafin safiya mutum tara sun yi magana, ɗaya har yana min faɗa me ya sa na ɓoye. Nura na koma Paper na kunna spark, ashe wani ne ya tara ƙauyawan cikin wasan (villagers) sama da 150 a rami ɗaya yana ciniki da su, mun yi magana ya yarda zai rage. Daren jiya mu 13 ne TPS, wato bugun nan 20 a daƙiƙa, bai sauka ƙasa da 19 ba. Shagon na fasa. Yanzu in koma 4GB ɗin ko in bar shi a 6 tukuna?

Nura_dev: Bar shi a 6 har Chunky ya gama, ka duba spark na mako guda, in ba ya cika sai ka sauka.