Neman shawara: tun guguwar Mayfield ɗana ba ya barci, ni kuma so nake mu tashi

Maman Anwar: Assalamu alaikum 'yan uwa. A Mayfield muke zaune, wani ƙaramin gari mai mutum kamar 10,000 a yammacin jihar Kentucky ta Amurka. Ku da kuka ga hotuna kun san abin da ya same mu daren Juma'a, 10 ga Disamba, 2021. Wajen ƙarfe tara da rabi waya ta hau kuka, jiniyar gari ta ɗauka. Gidan hayarmu ba shi da ɗakin ƙarƙashin ƙasa, sai na kwashi yaran biyu muka shiga bahon wanka, maigida ya ja katifa ya rufe mu. Ƙarar kamar jirgin ƙasa ne ya bi ta kanmu. Da muka fito, babu rufi, babu motarmu a inda muka ajiye ta. Tankin ruwan gari ya faɗi, hasumiyar kotun da ke tsakiyar gari ta tafi. Maƙwabciyarmu a kamfanin kyandir take aikin dare, inda ginin ya rufta kan ma'aikata sama da 100. Ita an zaro ta da rai, amma aƙalla mutum 8 sun rasu a nan.

Mun tsira, alhamdu lillahi. Sati shida ke nan muna masaukin da gwamnatin jiha ta buɗe a wani wurin shaƙatawa na bakin tafki. Damuwata Anwar ne, shekararsa bakwai. Ya koma fitsarin kwance, in iska ta kaɗa taga sai ya ruga banɗaki ya ƙi fitowa. Ni ma ƙarya nake in na ce ina barci. Na ce mu tattara mu koma Columbus ta jihar Ohio wajen yayata, maigida ya ce aikinsa na nan, kuma mutanen da suka ciyar da mu ba su cancanci mu juya musu baya ba. Mun kai ba ma iya maganar sai da faɗa. Ya zan yi?

Hajiya Baba: Innalillahi! Sannu 'yata, Allah ya kiyaye gaba. Ni dai da za ki ji tawa, ki kawo min jikokina gida. Mu nan guguwa ƙura take tayarwa, iyaka a ce wa yara kada su shiga cikinta saboda mutanen ɓoye.

Baban Sadiq (Dayton): Hajiya, ai sunan ne kawai ɗaya. Tasu ta Mayfield an sa ta a mataki na 4 cikin ma'aunin da ya tsaya a 5, iskarta ta kai kilomita 300 a awa, kuma ta yi tafiyar fiye da kilomita 260 tana cin ƙasa.

Maman Anwar, ba zan hana ki tashi ba, amma kada ki ɗauka Ohio mafaka ce. Guguwa ta ɗaiɗaita garin Xenia na jihar a 1974, mu ma nan Dayton ta taɓa mu a 2019. Duk inda za ku kama haya, a Mayfield ko a Columbus, tambayar farko ita ce: akwai ɗakin ƙarƙashin ƙasa? In babu, ɗakin tsakiya marar taga a hawan ƙasa, wato abin da kuka yi daidai ne. Gidan tirela kuwa, wato irin gidan da ake iya ja da mota, ko kyauta aka ba ku kada ku kwana ciki ranar hadari. Ku sayi rediyon gargaɗin yanayi mai batir, ba shi da tsada, shi zai tashe ku ko waya ta mutu.

Anti Nas: Ƙanwata, ni ta yaron zan yi, don aikina ke nan. Fitsarin kwance, maƙale wa uwa, firgita da ƙara, duk abubuwa ne da aka saba gani ga yaran da suka ga bala'i. Kada a yi masa faɗa, kada a bar ƙanwarsa ta yi masa dariya. Amma tunda an wuce wata guda abin bai lafa ba, lokacin ganin likitan yara ya yi, kuma ki nemi mai ba ɗalibai shawara a makarantarsu. Ba hauka ba ne, na san abin da mutanenmu ke gudu ke nan.

Wani abu da na ga yana aiki: ki ba shi aikin yi. Jaka ƙarama tasa ta kansa, da tocila da takalmi da hular kwano ta keke. Ku riƙa gwajin shiga maɓoya da rana tsaka, ana wasa ana dariya. Ki koya masa bambancin kalmomi biyun da waya ke nunawa: "watch" na nufin yanayi na iya haifar da guguwa, a sa ido, "warning" na nufin an gan ta ko na'ura ta hango ta, a ɓuya yanzu. Yaron da ya san wannan ba zai ɗauki kowace iska ajali ba. Hotunan ɓarnar nan kuma a daina kallonsu a gabansa.

Sannan ke. Kin ce ba kya barci, kika wuce kamar ba komai. Yaro a fuskar uwa yake karanta ko akwai lafiya. In kin kai shi, ki faɗa wa likitan naki ma.

Malam Habu: A haɗa da addu'ar da Annabi (SAW) ke yi in iska ta taso: roƙon alherinta da alherin abin da ke cikinta, da neman tsari daga sharrinta. Ku karanta tare da shi da Falaƙi da Nasi kafin kwanciya. Amma maganar Anti Nas tana nan daram, a je asibiti.

Abu Fatima: Kun cike takardar neman tallafin FEMA, hukumar agajin gaggawa ta gwamnatin tarayyar Amurka? Yawanci kwana 60 ake bayarwa, ku duba wa'adin yau ɗin nan. In takardun zamanku ne ke sa ku ɗari-ɗari, iyali na iya nema da sunan yaron da aka haifa a Amurka. Ku adana hotuna da rasit na komai. In wasiƙa ta zo da "a'a", ana ɗaukaka ƙara, sau da yawa takarda ɗaya ce ta ɓace.

Batun tashi kuwa, ina ganin maigidanki yana da hujja, ke ma kina da ita. Greensburg ta jihar Kansas, guguwar 2007 ta rushe kusan kashi 95 cikin 100 nata. An sake gina shi da kyau, amma kusan rabin mutanen ba su koma ba, kuma babu wanda ya ce sun ci amana. Sai dai kada ku yanke hukunci a masauki, kan gadon aro, ba barci. Ki je wajen yayarki hutun makaranta, sati biyu, ki ga ko yaron zai saki jiki.

Maman Anwar: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Wallahi ban san ana iya nema da sunan yaro ba, ƙanwarsa a nan aka haife ta. Na karanta wa Baban Anwar duka, bai ce komai ba sai ya tambayi nawa ake sayar da rediyon. Litinin za mu ga likita. Hajiya Baba, jikokinki sai babbar sallah in Allah ya yarda.