Fitilun unguwarmu sun mutu, wa za mu kai wa kuka?

Assalamu alaikum 'yan uwa. A Tahoua nake, layinmu na fita kan kwalta, dab da wata lakwal. Fitilun sola huɗu ke gare mu, uku sun mutu tun kafin damina. Wani mai gyaran lantarki ya duba, ya ce farantan lafiya lau suke, batir ne ya gaji, zafin garin nan ba ya barinsa ya daɗe. Allon tsayawa na mahaɗar ma mota ta kayar da shi, yanzu 'yan kabu-kabu ba sa ko rage gudu, ga yara na tsallakawa.

Da can kansilanmu muke samu, amma tun da aka rushe majalisun gundumomi a 2024 aka naɗa kantomomi, mun rasa ƙofar shiga. Na kai takarda wani ofishi sau biyu, aka ce in dawo. Mai unguwa, Allah ya saka masa, ya yi iya nasa.

Shin gyaran fitila aikin gunduma ne ko na magajin gari? Allon kan kwalta fa? In mun yi karo-karo mun sayi batir da kanmu, sai da izini a rubuce? Wanda ya taɓa bin wannan hanya ya taimaka mana, don Allah.