Wa ya kamata ya ɗauki nauyin ɗakunan wasanni da gidajen al'adu a Kaduna?

Ɗan wasan daɓe, Tudun Wada:

Assalamu alaikum. Ƙungiyarmu ta matasa tana yin atisaye a wani ɗakin taro na al'umma wanda hukuma ta gina tun muna yara. Yanzu rufin yana yoyo, an yanke wuta saboda bashi, kuma 'yan kwamitin unguwa ne suke karo-karo su biya mai gadi. Tambayata ga iyayenmu da yayyenmu ita ce, shin haƙƙin gwamnati ne ta riƙa ware wa irin waɗannan wurare kuɗi kowace shekara, ko kuwa ya kamata su nemi abin da za su riƙe kansu da shi?

Tsohon ma'aikacin gwamnati, Malali:

Wa alaikumus salam, ɗana. Kafin a amsa maka, sai an duba yadda kasafin kuɗi yake tafiya. Kashi biyu ne, akwai na manyan ayyuka, akwai na ayyukan yau da kullum. Gina ɗakin taro yana cikin kashi na farko, kuma shi ne wanda masu mulki suke so, domin ana ba da kwangila, a kafa allo, a gayyaci 'yan jarida ranar buɗewa. Kuɗin wuta da albashin mai shara da sauya kwanon da ya ruɓe suna cikin kashi na biyu, ba wanda yake samun yabo a kansu, shi ya sa su ne ake fara zaftarewa idan kuɗi ya yi ƙaranci.

Ka duba wuraren da suka daɗe a garin nan. Gidan Arewa, wato tsohon gidan Sardauna, ya zama cibiyar adana tarihi a 1970, kuma yana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Gidan Tarihi na Ƙasa da ke titin Ali Akilu, wanda aka buɗe a 1975 a tsohuwar hedikwatar jam'iyyar NPC, yana hannun hukumar tarayya. Ko da abin da suke samu bai ishe su ba, kowannensu yana da uwar gijiya da take biyan ma'aikatansa duk wata. Ɗakin unguwarku ba shi da wannan gata. A ganina haƙƙin hukuma ne, kuma ƙaramar hukuma ce ta fi cancanta, domin ita ce kusa da ku. Tun 1991 ma akwai dokar tarayya ta kafa asusun tallafa wa fasaha, amma har yau masu sana'ar suna kiran a aiwatar da ita.

'Yar kasuwa, Kawo:

Baba, ina neman afuwa, amma ban gamsu ba. A lokacin da asibitocin unguwa suke neman magani, makarantun firamare suke neman kujeru, zai yi wuya a shawo kan talaka cewa a ɗebi harajinsa a gyara ɗakin wasa. Masu ɗakunan biki na haya a Kaduna ba sa karɓar ko sisi daga gwamnati, kuma wurarensu tsaf suke. Me zai hana a riƙa ba da ɗakin haya ga masu biki da walima a ƙarshen mako, a yi gyara da abin da aka samu?

Malamar jami'a, Zariya:

Hajiya, maganarki tana da ƙamshin gaskiya, kuma haya tana taimakawa, sai dai akwai abu biyu da suke tare hanya. Na farko, ranakun da masu biki suke so su ne ranakun da ɗalibai da ma'aikata suke da sukunin zuwa kallo ko atisaye. Da zarar mai kula da ɗaki ya ga amarya za ta biya abin da 'yan wasa ba za su tara a shekara ba, to marubuta da makaɗa da masu zane sun koma bakin ƙofa, kuma ɗakin ya zama na haya zalla ko da sunan al'adu yana rubuce a jikinsa. Na biyu, tun 2015 Jihar Kaduna take aiki da asusun bai ɗaya, saboda haka kuɗin da ginin gwamnati ya samu baitulmali yake shiga, kuma sai an bi layi kafin wani abu ya dawo. Idan ba a rubuta cewa wani kaso na wurin ne ba, hayar ba za ta toshe yoyon ba.

Batun asibiti kuwa, abin da ake nema a nan bai kai a gwada shi da kasafin lafiya ba. Wuta ce da mai gadi da gyaran rufi kafin damina. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, kunna janareta na dare ɗaya yana iya cinye kuɗin ƙofa gaba ɗaya, don haka sanya sola sau ɗaya ya fi kyautar da ɗan siyasa zai bayar ranar taro amfani. Gwamnatin jiha ta tallafa wa bikin littattafai da fasaha na KABAFEST da aka fara a 2017, kuma an ga baƙin da ya jawo. Amma biki na 'yan kwanaki ne, yaron da zai hau dandamalinsa kuwa yana buƙatar inda zai yi ta koyo a sauran watannin.

Tsohon ma'aikacin gwamnati, Malali:

Malama ta faɗi abin da na rage. Ɗana, ku yi wa ƙungiyarku rajista, ku buɗe asusun banki da sunanta, ku rubuta abin da ɗakin yake ci a wata ba tare da ƙari ba. Sannan ku kai wa kansilanku da ɗan majalisar jiha na mazaɓarku kafin a rufe shirin kasafi, domin wanda ya zo bayan an sa hannu sai ya jira baɗi. Ku nemi a sa sunan ɗakin a kasafin yau da kullum, kuma ku amince da sharaɗin liƙa lissafin kuɗin a ƙofa inda Hajiya da sauran masu biyan haraji za su karanta.