Abin da tattaunawarmu ta tattaro kan giɓin da ke tsakanin masu hali da talakawa a Nijeriya

1. Kusan kowa ya yarda cewa talaucin ya fi yi wa Arewa katutu. An kafa hujja da rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022, wanda ya nuna cewa mutum miliyan 133 suna fama da talauci ta fuskoki daban-daban, kuma kashi 65 cikin ɗari nasu suna Arewa.

2. An ɗora alhakin a kan rashin tsaro da ya raba manoma da gonakinsu, da durƙushewar masaƙun Kaduna da masana'antun Kano, da yawan yaran da ba sa zuwa makaranta.

3. Ra'ayi ya rabu kan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Wasu sun ce masu fasa-ƙwauri ne suke cin moriyarsa, wasu kuma suka ce an cire shi ba tare da yi wa talaka tanadi ba. Ni dai hujja ta biyu ta fi kama hankalina.

4. An nuna cewa mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 bai shafi manomi da ɗan tireda ba.

5. Da yawa sun nemi a tsara karɓar zakka da raba ta a matsayin jari.