Tafiya mabuɗin ilimi: wace tafiyar ake nufi?

Jikan Madugu: Jama'a, yanzu duk wanda ya rataya jaka sai a jefa masa wannan karin magana. Ni a ganina ilimin hanya ake nufi, irin na fatake. Ku dubi ayarin da Ibn Battuta, shahararren matafiyin nan ɗan Maroko, ya bi zuwa ƙasar Mali a 1352. Sai da ya yi wata huɗu a Sijilmasa, wani gari a bakin hamada a Maroko, yana kiwata raƙumansa, don ramammen raƙumi ba ya ƙetare Sahara. Kwana 25 suka yi kafin Taghaza, garin da gidaje da masallaci duk da gishiri aka gina su, rufin kuma fatar raƙumi. Ruwan garin zartsi ne, amma da shi ake cika salkuna, domin a gaba akwai kwana goma babu rijiya.

Malam Mai Allo: Allah ya ƙara basira, amma ka ƙuntata ta. Addini ma a bayan raƙumi ya yi yawo. Wangarawa, mutanen da suka zo daga ƙasar Mali, suka shigo da Musulunci fadar Kano zamanin Sarki Yaji a ƙarni na 14, Al-Maghili kuma, babban malami daga Arewacin Afirka, ya zo zamanin Muhammadu Rumfa. Ba gishiri ya kawo su ba.

'Yar Zango: Allah gafarta Malam, ai hanyar ɗaya ce, malami a ayarin falke yake tafiya. Kuma ayarin su Ibn Battuta bai isa Walata, garin da ke ƙarshen hamadar, ba sai an tura mutum guda gaba da wasiƙu, a fito da ruwa a tarye su tafiyar kwana huɗu. In ya ɓata a cikin yashi, ayari ya halaka. Shi ya sa aka biya shi miskali (ƙaramin ma'aunin nauyi) 100 na zinariya.

Mai Gardama: To ni ban yarda tafiya kaɗai tana karantar da mutum ba. Shi wannan Ibn Battuta ya tsaya a bakin Kwara da ƙafarsa, amma ya ce kogin Nilu ne, don abin da ya taso yana ji ke nan. Ina "gani ya kori ji" a nan?

Malam Mai Allo: Ka yi gaskiya. Shi ya sa dattawa suke faɗa wa almajirin da zai tafi gabas ko mai niyyar Hajji wannan karin magana, ba ɗan yawon ta zubar ba.

Jikan Madugu: Malam, a sa falke a lissafin. Wanda ya san kayan raƙumi guda na gishiri miskali 8 zuwa 10 ne a Walata, amma 20 zuwa 30 a birnin Mali, ai ba a zaure ya koya ba.